Jan Layi a Wuyan Tanko

Har yau ban iya zana hannu ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a madadina. Duk mutumin da na zana, ko dai ya zuba hannuwansa a aljihu, ko ya goya su a baya kamar sufeton makaranta ya zo duba aji. Na taɓa gwada zana wata mata tana daka, da na gama sai ga taɓarya a tsaye ita kaɗai, matar kuma tana kallonta. Furera, mai ɗakina, ta leƙa ta ce, "To Malam, ko a takarda dai mace ta samu hutu."

Ba da zane na tashi ba. Sunana Lawan, kuma ƙuruciyata duk a wata masaka ta Bompai na ƙarar da ita, ina tsaye a gaban inji ina ƙulla zare in ya tsinke. A zamanin Sap, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka tara mu a tsakar ma'aikata aka ce mu je gida mu huta, za a neme mu. Har yanzu ana nema. Na kwaso Furera da yara da katifa ɗaya na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Gezawa da Zakirai, inda gonar gadonmu take, gonar da in ka tsaya a tsakiyarta ka yi atishawa maƙwabta huɗu ne za su yi maka addu'a. Taki ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Kananzir kuwa a kwalbar magani ake auna shi. Da damina in ɗan yi noma, da rani in zauna a zaure ina kallon awakin mutane suna wucewa. Shekarata arba'in da ɗoriya a lokacin, amma zamana na tsoho ne.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan," shi ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta gada, haka na taso na tarar. Ƙanena Tanko kuwa bayan mata uku ya zo, sunansa ya fi goro daɗewa a bakinta.

Tanko ya tafi Kudu ci-rani, yana dako a wata kasuwar shanu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka aiko, na hau bayan motar shanu na je, na same shi da sauran numfashi. A hannuna ya cika. Ni na riƙa zuba ruwa aka yi masa wanka, na ga jikinsa daga kai har tafin ƙafa, ko ƙwarzane babu. A can muka binne shi. Sai dai a shekarar ana ta kawo labarin rikici daga Kudu, rediyo ya faɗi nasa, masu dawowa su ƙara gishiri. Da na dawo na durƙusa na ce, "Inna, zazzaɓi ne." Ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ba ta ƙara tambaya ba. Ni kuma na ɗauka ta yarda.

Hotonsa ɗaya ne tak a duniya, ɗan ƙarami, yana cikin akwatinta. Gara ta shiga ta cinye fuskar, ta bar mana kafaɗa da wuyan riga.

Duk gida mun san farar yana ta fara hawa idon Inna. Wata rana bayan la'asar ina zaure, ita da Furera suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai na ji ta ce, "Furera, ba abin da ke ci mini rai irin fuskar Tanko. Ta fara ɓace mini. In na tuno goshin sai bakin ya gudu. Da zan ƙara ganinsa sau ɗaya, da ido ya tafi abinsa."

Ban san abin da ya tashe ni ba. Na shiga na tsaya a kansu na ce, "Inna, zan zana miki shi."

Hannunta bai daina ɓara ba. Ta ce, "Kai wannan? Kai da ko layin shuka ba ka iya miƙarwa?"

"Zan koya."

"To. Allah ya taimaka."

Furera ta ɗago ta dube ni, ta dubi Inna, ta mai da kai kan gyaɗa.

A bayan tashar Gezawa akwai rumfar wani Basiru mai fenti. Shi ke yi wa manyan motoci ado, ya zana zaki ko dawisu ko mikiya a ƙofar baya, ya rubuta abin da direba ke son duniya ta sani game da maƙiyansa. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma ranar kasuwa na je na durƙusa na ce masa Oga.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, aiki kake nema? Ni kaina nema nake."

"Koyo nake so."

"Me ka taɓa zanawa?"

"Sa hannu a takardar sallama."

Ya yi dariya har sai da ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa. Muka shirya a kan in riƙa goge masa katako da samfefa, in wanke burushi, in riƙe tsani, shi kuma ya nuna mini abin da ya sani. A ranar na sayi burushina na farko, wani ɗan siriri, na sa shi a aljihun gaba kamar biron akawu. Bai bari na tsoma shi a fenti ba sai da rani ya yi nisa.

Da gawayi ya fara ni, a kan takardar buhun siminti. Ya ajiye tulun ruwansa a gabana ya ce in zana. Na zana tulu mai kyau, zagayayye, kamar na kayan amarya. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Wannan tulun na wa ne?"

"Naka."

"Ƙarya ne, Baba. Wannan na cikin kanka ne. Nawa bakinsa a karkace yake, ga ɓalli a gefe, ga inda gansakuka ta kama shi. Kai ba ka dubawa, tunawa kake."

Na zana tulun nan har na fi sanin sa da fuskar 'ya'yana. Daga tulu aka koma ƙwarya, daga ƙwarya aka koma takalmin direba, daga nan kaza. Na gane cewa inuwa ma tana da siffa, kuma ita ke sa abu ya tashi daga takarda. Na gane fatar mutum ba baƙa ba ce. Sai ka zuba ja, ka ɗiga ruwan ɗorawa, ka ɗan taɓa baƙi kamar mai rowa, a goshi da karan hanci kuma ka sa shuɗi-shuɗi inda haske ya sauka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Tun da aka sallame mu ban taɓa tashi da asuba ina da inda za ni ba sai a lokacin. In na samu mota in hau, in babu mai, wanda shi ya fi yawa, in taka.

Akwai wani abu da Basiru ke yi wanda na gani tun makon farko. Ya gama zaki a bayan wata mota, gashin wuya ya tashi, haƙora a waje, direba har yana tafi. Sai ya ɗauki ƙaramin burushi, ya tsoma a jan fenti, ya yi bisimilla, ya ja layi ya ratsa wuyan zakin daga wannan gefe zuwa wancan.

Na ce, "Oga, ka ɓata shi."

"Na gyara shi dai. Ba ka ji malamai sun ce duk wanda ya zana mai rai, ranar gobe za a ce ya busa masa rai ba? To ni Basiru a ina zan samo? Wanda ya koya mini aiki ya ce in ka raba kai da gangar jiki, ya tashi daga mai rai, ya zama ado. Na yanka shi, na huta, shi ma ya huta."

"Malamai sun yarda da haka?"

"Ban tambaye su ba, kada su ce a'a." Ya ƙara tsoma burushin ya bi ta kan layin. "Kuma da kauri ake yi, Baba. In ka yi shi siriri rana ta cinye, ka tashi a lahira da zaki ana ce maka bisimilla."

Ni mutumin masaka ne. In aka nuna mini yadda ake abu, haka zan yi ta yi har a kashe inji. Kazar da na fara zanawa da fenti na yanka ta. Na yanka jaki, na yanka zakara, na yanka wani doki da ya fi kama da akuya. A hankali hannuna ya saba, ya zama ban jin na gama aiki sai na ja layin nan, kamar yadda ba ka jin ka gama cin tuwo sai ka suɗe yatsa. Idona ma ya daina ganinsa.

A majalisar ƙofar gidanmu kuwa na samu suna. Nababa mai shayi, abokin Tanko tun suna yara, shi ya raɗa mini. In ya hango ni tafe da takardu a hammata sai ya ɗaga murya, "A buɗe hanya ga Sarkin Fawa! Yau me aka yanka, Yaya Lawan?"

"Jaki."

"Haram! A ba mu ko kan ne mu yi farfesu, wata nawa rabonmu da nama."

Na bar su suna dariya. Ni na san abin da nake nema, kuma na san da wa nake tsere. Kullum in na shiga gaishe da Inna sai in saci kallon idonta, in ga farin nan ya ƙara yaɗuwa kamar madara a shayi. Ta daina kunna fitila a ɗakinta, ta ce a ba yara su yi karatu. Na ce Allah sarki, tana tausaya mana tsadar kananzir. Rabon nata na riƙa ɗiba ina wanke burushi.

Da damina ta faɗi na soma fuskar Tanko, a nan na san ban san ƙanena ba. Na goya shi, na dake shi, na raka shi kaciya, na rufe masa ido da hannuna, amma da na zauna gaban takarda sai na rasa kunnensa. A manne yake ko a buɗe? Na san yana da wushirya, na san tabon da jaki ya yi masa a goshi, na san yadda yake karkata hula gefen hagu kamar iska ce ta ture ta. Abin da ke tsakanin waɗannan shi ne babu. Na zana wushirya da tabo da hula, sai ga wani baƙo yana kallona.

Na ari madubin Furera na riƙa duba tawa fuskar, tunda ciki ɗaya muka fito. Na je gidan ƙanwata Bilki, wadda aka ce goshinsu ɗaya, na zaunar da ita ina kallo har mijinta ya fara gyaran murya. Na tambayi duk wanda ya san shi. Wani ya ce hancinsa dogo ne, wani ya rantse gajere ne. Kowa da Tankonsa. Duk wanda na zana sai in kai wa Nababa, ya riƙe shi nesa ya karkata kai.

"Wannan ai mai unguwa ne."

Wani makon ya ce, "Wannan kai ne, in an ba ka abinci."

Gona kuwa ta ji a jikinta. Maƙwabta sun yi maimai ni ban gama noman fari ba, gerona ya tsaya cikin ciyawa kamar marayu a gidan biki. Furera ce ta riƙe gidan da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da take yi. Ba ta yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Sau ɗaya dai, ina tsugune ina haɗa kala a murfin gwangwani, ta zo ta tsaya.

"Malam, maganar idon Inna fa..."

"Na sani. Shi ya sa nake sauri."

"Ba haka nake nufi ba."

"Furera, inuwarki tana kan aikina."

Ta matsa. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin ya zo ne ta inda ban zata ba. Wata rana a tasha na ga wani ɗan dako ya sauke buhu, ya miƙe, ya ɗaga gira ɗaya yana jiran a sallame shi. Haka Tanko yake yi in ya yi maka tambayar da ya riga ya san amsarta. Ashe ba hanci ko kunne nake nema ba. Na koma gida na ɗaga girar hagu kaɗan, na ja gefen baki ya bi ta, sai ga shi ya fito daga takardar siminti yana tambayata ina na shige tun ɗazu.

Basiru ya ba ni guntun allon silin da ragowar fenti. Na shafe shi da fari, na bari ya bushe, na fara. Daga ƙirji zuwa sama na yi shi, don kada maganar hannu ta taso. Na sa masa shuɗiyar rigarsa ta sallah. Fentin mota ba ya son gaggawa, in ka taɓa shi bai bushe ba sai ya kwaɓe, don haka sai da aka fara yankan gero sannan na kai ƙarshe.

Na kai wa Nababa a lulluɓe da tsohon zani. Ya goge hannu a riga yana murmushi, ya riga ya shirya abin da zai faɗa. Na yaye. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya daɗe yana kallo, ruwan shayinsa yana tafasa yana zuba a wuta bai kula ba. Can ya ce, "Inna lillahi," ya juya mini baya yana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara.

A rayuwata ba a taɓa yaba mini kamar haka ba.

Ba zan ɗora wa Basiru abin da ya biyo baya ba, ba ya ma wurin. Na dawo gida na jingina allon a zaure, na ja baya na duba, na ji akwai abin da ya rage. Hannuna ya san ko mene ne. Na buɗe gwangwanin ja, na yi bisimilla, na ja layi a ƙarƙashin haɓa daga wannan gefe zuwa wancan. Na ƙara tsomawa na bi ta kai, da kauri, yadda aka koya mini. Na ji daɗin yadda ya miƙe ma. Na bar shi ya bushe.

Hantsi na zaɓa, lokacin da rana ke sauka sosai a ƙofar ɗakin Inna. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma a wurin. Ina shigowa da allon Furera ta hango shi daga bakin murhu, ta miƙe da muciya a hannu.

"Malam, tsaya."

Ban tsaya ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ga Tanko."

Ta miƙo hannu biyu na ɗora mata. Ta ɗaga shi daf da fuskarta, ta daɗe a haka, ni kuma ina kallon bakinta ina jira. Sai ta sauke shi a cinya ta fara shafa shi da yatsu. Na ce a raina, uwa ke nan, kallo bai ishe ta ba. Daɗi ya kwance mini baki, na shiga zuba kamar ɗan kamasho.

"Ga hularsa nan, Inna, kin ga yadda ya karkata ta. Nan goshi ne, ga tabon jakin Malam Sama'ilu. Ga girar nan da yake ɗagawa. Ga wushirya."

Yatsanta yana bin inda na faɗa. Ta ce, "Tanko," a hankali, yadda take faɗa in ya shigo da yamma. Ta ƙara cewa, "Tanko."

"Nan haɓarsa ce."

Yatsan ya gangara daga haɓa ya tsaya. Ya bi layin zuwa dama. Ya dawo ya bi shi zuwa hagu.

"Wannan fa?"

Sai a lokacin na gan shi. Ja wur, a kan shuɗiyar riga, ya ɗan taru a gefe ɗaya inda fenti ya so ya zubo.

"A'a, Inna, wannan ba komai ba ne. Ƙa'idar aiki ce. Duk abin da aka zana mai rai sai an..." Na nemi wata kalma, ban samu ba.

"Sai an me?"

Na dubi jan layin.

Ta ce, "Ashe yanka shi suka yi."

"Wallahi Inna zazzaɓi ne. A hannuna ya cika, ni na..."

"Tun ranar da ka dawo na ji a muryarka." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Yatsanta yana nan a kan layin. "Bakinka ya iya ɓoyewa, hannunka ya kasa. Tashi ka ba ni wuri."

Na yi duk abin da mutum zai yi. Na yi alwala na dafa Alƙur'ani a gabanta, ta ce in ajiye littafin Allah kada in haɗa zunubi biyu. Na kawo Bilki, Bilki ta ce ita ma dama ta daɗe tana zargi, na kore ta. Na roƙi Basiru ya rufe rumfa ya biyo ni har gida. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya cire hula, ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce ko zakin da ke bayan motar Alhaji wane haka yake, kowa ya gani, a tambayi direbobi.

Inna ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Yaro, zaki dabba ne ko?"

"Dabba ne, Inna."

"To ai dabba ake yankawa. Ka taɓa zana ɗan uwanka ka yi masa haka?"

Basiru bai taɓa zana mutum ba. Ya mai da hularsa ya tafi, a zaure ya ce mini, "Baba, ni zaki na koya maka."

Na saci allon daga ɗakinta ranar da ta zaga, na sa reza na kankare layin, na cike wurin da kalar fata da shuɗi, na gyara shi tsaf, ko ni da na yi ba na ganin alama. Na mayar. Washegari na shiga gaisuwa na same ta da shi a cinya, yatsanta yana kai da komo a cikin ɗan kwarmin da rezar ta bari.

Ta ce, "An ɗinke."

Daga nan ta koma zaman makoki sabo, ita kaɗai, shekaru bayan an share makokin. Ta sa Furera ta yi gumba aka raba. Abinci sai ta taɓa ta ture. Na fari ta yi wa ɗan da zazzaɓi ya kashe, wannan kuwa na wanda aka kwantar aka yanka ne a garin da ba ta san sunansa ba, kuma kullum tana da sabuwar tambaya. Ba ni take yi wa ba, bango take yi wa, ni dai ina jin ta daga tsakar gida. Ko ya kira ta? Ko su nawa suka danne shi? Ko an ba shi ruwa? In na yi sallama ta amsa, in na gaishe ta ta amsa, amma ko "kai wannan" ɗin ta daina. Ban taɓa sanin suna ne ba sai da aka karɓe shi.

Da bazara, ana tsakiyar zafin nan da ke kwashe tsofaffi, ta rasu. Allon yana jingine a gefen gadonta, fuskar tana kallon bango.

Bayan an watse daga sadakar bakwai ina zaune a ɗakinta, Furera tana naɗe tabarmi. Na juyo da allon. Yana nan yadda yake, gira a ɗage, yana jiran amsa. Abin da ya daɗe yana cina na faɗa mata.

"Jan ne ya kashe ni, Furera. Ga fari, ga ruwan toka, duk suna nan a zaure. Da shuɗi na sa ya saje da riga, da idonta bai kama shi ba. Wata da watanni ina haɗa kalar goshi, na zo kan abu ɗaya na ɗauko ja."

Ta ajiye tabarmar. "Wane ja, Malam?"

"Na layin."

"Wa ya ga ja?"

Na dube ta.

Ta ce, "Sau nawa na zo zan faɗa maka? Ita ta hana ni. Ranar da ka ce za ka koya, kana fita ta kama hannuna ta ce, ki ƙyale wannan, ya samu abin da zai fitar da shi daga zaure. In ya kawo zan ce ya yi kyau." Ta ɗauki tabarmar ta ci gaba da naɗi. "Da sautin tafiya take gane mu. Ni nake jera mata kwano da buta inda hannunta zai same su."

Tun kafin in sayi burushin farko Inna ba ta gani.